Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Ruwa da Waya a Fadamun Gobir: Abin da Zum Ba Zai Iya Yi Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa don ɗaukar hoton balbela a bakin gulbi ya san yadda abin ke ƙarewa. A ido tsuntsuwar tana nan fara tas, ana ganin har launin bakinta. A allon waya kuwa sai wani ɗan ɗigo fari a tsakiyar ciyawa. Idan aka zuƙo hoton da yatsu biyu sai ya dagule kamar fentin da ruwa ya taɓa. Daga nan mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa wayar ce ba ta da kyau, sai an sayi mai megafiksel 108.

Matsalar ba ta megafiksel ba ce, ta nisa ce. Kuma a yanki irin na Kamarawa da Isa da Sabon Birni, inda fita bayan gari da waya a hannu ba ƙaramin lamari ba ne a 'yan shekarun nan, sanin yadda za a rage wannan nisa ba tare da an jefa kai cikin haɗari ba shi ne rabin aikin.

Tsuntsayen bakin teku a inda babu teku

Daga gabashin Sakkwato zuwa teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, amma da yawa daga cikin tsuntsayen da Turawa ke ɗauka hoto a gaɓar tekunsu a nan suke cin rani. Gulbin Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi su ne ke shayar da Rima ta sama, kuma bayan damina idan ruwa ya fara ja yakan bar tafkuna da taɓo a fadamu. Can ƙasa kuma ga madatsar ruwa ta Goronyo. Wannan taɓo cike yake da tsutsa da ƙananan ƙwari da tsabar ciyawa, abin da masu dogon baki da dogayen ƙafafu ke nema ke nan.

Daga wajen watan Satumba zuwa Oktoba baƙi ke fara isowa Sahel daga Turai da arewacin Asiya bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su koma wajen Maris da Afrilu. Akwai wanda Turawa ke kira ruff, mai hayayyafa a arewacin Turai da Siberiya. A can namijinsa kan fito da gashi mai ado a wuya lokacin neman mata, amma a nan ba a ganinsa sai cikin launin ƙasa-ƙasa, yana tsintar ƙwari da shinkafar da ta zube bayan girbi. Akwai ƙananan masu yawo a gefen ruwa, da ƙananan agwagin daji da ke zuwa garke-garke. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka sa wani sashensa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, ya yi suna ne saboda irin waɗannan baƙi.

Su kuma na gida ba sa buƙatar gabatarwa: zalɓe, balbela, jinjimi, kirinjijiya mai kuka kamar fito, ɗinya. Sai shamuwa, wadda tata tafiyar ta saɓa da ta baƙin Turai. Ita tana zuwa ne gab da damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan idan kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Shi ya sa manoma ke kallon isowarta a matsayin busharar ruwa.

Lissafin da masu tallar waya ba sa yi

Babbar kyamarar yawancin wayoyi, daga itel da Tecno da Infinix har Redmi da Samsung, mai faɗin gani ce. A ma'aunin masu ɗaukar hoto tana daidai da gilashi mai milimita 24 zuwa 26. An yi ta ne don hoton mutane da ɗaki da biki. Masu ɗaukar hoton tsuntsaye da manyan kyamarori kuwa sukan yi amfani da milimita 400 zuwa 600.

Ga yadda abin yake a aikace. Idan tsuntsu yana nisan mita 30, irin wannan kyamara na ɗauko fili mai faɗin kusan mita 40. Hoton megafiksel 12 yana da ɗigo wajen 4,000 daga gefe zuwa gefe. Ke nan kowace mita ta samu ɗigo 100. Balbela mai tsawon rabin mita ta tashi da ɗigo 50 kacal, ƙaramin tsuntsun gefen ruwa mai santimita 20 kuma ɗigo 20. Babu manhajar da za ta fitar da ido da gashi daga ɗigo 20. To amma idan nisan ya koma mita 5, balbelar nan za ta samu ɗigo wajen 300, wanda ya isa a gane ta sarai har a sa a sitatus ba kunya.

Zum ɗin da ake yi da yatsu a yawancin wayoyi yanka ne kawai. Wayar na yanke tsakiyar hoton ta buɗa shi, sannan manhajar ciki ta cike giɓin da abin da take zato. A wayoyin baya-bayan nan masu ƙirƙirarriyar basira wannan cikon kan yi kyau a ido, amma ga mai son gane tsuntsu yana da illa, domin yakan shafe ɗan zanen fiffike ko ya ƙirƙiro wanda babu shi. Kuma sau da yawa wannan ɗan zanen ne ke bambanta wani nau'i da wani. Rubutun "50x" ko "100x" a jikin kwali ba ya nufin gilashin na kaiwa can.

Zum na gaskiya shi ne wanda ke da gilashinsa daban. Wayar da ke da kyamarar 3x tana kaiwa kusan milimita 70, mai 5x kuma kusan 120. Wanda wayarsa ke da irin wannan, ya danna lambar da ke kan allo daidai, 3x ko 5x, ya tsaya a nan. Lambobin da ke tsakani, kamar 2.4x, galibi yanka ne daga babbar kyamara. Wani abin lura kuma, idan haske ya yi ƙaranci wasu wayoyin kan koma babbar kyamara a ɓoye ko da an danna 3x.

Game da megafiksel 50 ko 108: a yanayin da aka saba, wayar na haɗa ɗigo huɗu ko tara su zama ɗaya, shi ya sa hoton ke fita wajen megafiksel 12. Akwai maɓallin da ke buɗe cikakken adadin. Da hantsi, cikin haske mai ƙarfi, yana da amfani a kunna shi a ɗauka ba tare da zum ba, a yanke daga baya. Ribar ba ta kai yadda lambar ke nunawa ba, amma akwai ta. Da almuru kuwa ba ya ƙara komai sai nauyin fayil da jinkirin ɗauka.

Madubin hangen nesa, da dalilin yin hattara da shi

Hanya mafi arha ta samun zum na gaskiya ita ce ɗora idon kyamarar waya a kan idon madubin hangen nesa. Madubi mai ƙarfin 8x na mayar da milimita 26 zuwa kusan 208. Balbelar nan mai ɗigo 50 a nisan mita 30 ta koma ɗigo 400. Akwai ɗan maƙali na roba da ake sayarwa don riƙe waya a kan madubin, wasu kuma kan haɗa nasu da tsohon murfin waya da marfin gora. Za a ga baƙin zobe kewaye da hoton. Zuƙowa kaɗan zuwa 1.5x ko 2x na kawar da shi. A fara daidaita madubin da ido, sannan a ɗora waya, a jingina gwiwar hannu a kan katanga ko reshe, domin duk rawar hannu ma ninkuwa take yi sau takwas. Ƙananan gilasan maƙalawa masu arha da ake rubuta wa 12x ko 18x kan ba da hoto mai hazo a gefe, kuma saita su na cin lokacin da tsuntsu ba zai jira ba.

Sai dai abin da ya dace a Jos ko Kano ba lallai ya dace a Isa ba. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, ake kuma zargin masu kai musu rahoto, saurayi riƙe da madubin hangen nesa a bakin daji yana haska waya abin tambaya ne ga jami'an tsaro, ga 'yan sa-kai, ga mutanen gari, balle ga waɗanda ke cikin dajin. Bayanin cewa tsuntsu ake kallo ba kowa zai saurara ba a irin wannan lokaci. Don haka madubi kayan cikin gida ne ko saman soro, ko wurin da mai unguwa da masu gonar suka san mutum, suka san abin da yake yi. Jirgi marar matuƙi kuwa ba a ma maganarsa. Haka kuma ba a juya kyamara wajen shingen bincike, ko motocin jami'ai, ko hanyar da suke bi.

Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne, tsuntsaye da yawa su ke biyo mutane. Shamuwa a cikin gari take sheƙa. Balbelu kan kwana a itatuwan gari, su bi shanu zuwa mashaya. Kududdufin bayan gida, da lambun da ake ban ruwa kullum, da mashigin da mata ke wanki, duk suna tara tsuntsaye waɗanda suka riga suka saba da ganin ɗan Adam. Wurin da manoma da masunta ke zuwa kullum da rana tsaka shi ne iyakar mai hoto. Inda suka daina zuwa, shi ma ya daina.

A bar tsuntsu ya zo da kansa

Kowane tsuntsu yana da iyakar da idan aka ƙetare ta zai tashi. Ta zalɓe tana da nisa, ta balbelar da ta saba da makiyaya gajeriya ce. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke ɗaura kan burtu a goshi su duƙa suna tafiya irin tasa har su kusanci nama. Mai waya ba ya buƙatar kan burtu, amma darasin ɗaya ne: siffar mutum a tsaye, yana tahowa kai tsaye yana kallo, ita ce ke korar dabba.

Abin da ya fi aiki shi ne zama. A duba inda tsuntsaye ke kiwo yau, gobe a riga su zuwa, a zauna a ƙasa jikin wani kututture ko kunyar gona, rana tana bayan mutum. Tufafi masu launin ƙasa sun fi farar riga. A kashe ƙarar waya da ƙarar maɓallin ɗauka da filasha. Bayan minti goma sha biyar ko ashirin ba motsi, masu kiwo a gefen ruwa sukan ci gaba da harkarsu, kuma da yake bin gaɓa suke yi, sau da yawa da ƙafarsu za su iso har mita biyar ko shida. Idan dole sai an matsa, a matsa a karkace, lokacin da kan tsuntsun ke ƙasa yana ci. Da ya ɗaga kai ya miƙe wuya, a tsaya cak. Idan ya daina ci ya fara takawa yana nisa, an kai iyakarsa.

Akwai wani mai tona asiri a fadama, tsuntsu mai baƙi da fari da dogayen ƙafafu wanda ke da ɗan ƙaho a fiffike. Da ya hango mutum sai ya ɗauki kuka mai kaifi yana kewayawa, kuma sauran tsuntsaye sun san ma'anar kukan. Idan ya matsa da kuka yana kawo farmaki ta sama, akwai yiwuwar ƙwansa ko 'ya'yansa na kusa, domin a ƙasa yake saka ƙwai. Nan ja da baya ya kamata. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato, ƙwan da uwa ta tashi ta bari a rana na iya lalacewa cikin ɗan lokaci, ga kuma hankaka da shirwa suna jira.

Riƙe wayar ƙasa-ƙasa, daidai tsayin idon tsuntsun, na sauya hoto ƙwarai. Bayan hoton kan yi laushi, tsuntsun ya fito. Wasu kan juya wayar kai ƙasa don idon kyamara ya kusanci taɓo.

Saituna kaɗan da suka isa

Farin tsuntsu shi ne ya fi ba waya wahala. Kyamara na auna hasken fili gaba ɗaya, ciyawa da ruwa masu duhu su rinjaye ta, sai balbela ta fito fari fat ba alamar gashi. Maganinsa a taɓa jikin tsuntsun a allo, sannan a ja alamar rana ƙasa har sai an fara ganin layin gashin. Dogon dannawa a wuri ɗaya na kulle saitin a yawancin wayoyi don kada ya sauya. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya gyara shi, wanda ya ƙone da haske kuwa ya tafi ke nan.

A sashen Pro, abin da ya fi muhimmanci shi ne saurin ɗauka, wanda ake nunawa da harafin S. Tsuntsun da ke tsaye 1/250 ya ishe shi. Mai tafiya yana caccakar taɓo na son 1/500. Mai tashi sama sai 1/1000 ko fiye. A bar ISO ya saita kansa, amma in ya haura 800 a ƙaramar waya hoton zai fara yin yashi-yashi. Yanayin dare da yanayin hoton fuska mai dusashe baya ba su dace da wannan aiki ba: na farko na haɗa hotuna da yawa don haka mai motsi kan zama inuwa, na biyu kuma kan cinye siraran ƙafafu da baki.

Maɓallin ƙara sauti na ɗaukar hoto a kusan kowace waya, kuma ya fi taɓa allo rage girgiza. Na jikin wayar iyafis ma haka a wayoyi da yawa, wanda ke ba da damar jingina wayar a kan dutse a koma gefe. Ɗauka a jere, wato riƙe maɓalli ko jan sa gefe gwargwadon irin wayar, na ba da hotuna da dama a daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin ashirin akan sami ɗaya mai kyau.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Tana kwanciya a gilashi, tana kuma cika iskar da ke tsakanin mai hoto da tsuntsu, wani dalilin da ya sa nisa ke kashe hoto. A hure gilashin kafin a goge shi da ƙyalle mai laushi, domin goge yashi a kansa karce ne. Da bazara kuma waya kan yi zafi ta rufe kyamara da kanta, musamman a bidiyo. Sa'o'i biyu na farkon safiya sun fi kowane lokaci: haske mai laushi, iska ba ta fara rawa don zafi ba, tsuntsaye kuma na tsakiyar neman abinci.

Bidiyo ya fi hoto faɗin gaskiya

A nan ne waya ke da abin da za ta yi alfahari da shi. Ba za ta kamo babbar kyamara wajen kyan hoto ba, amma wajen riƙe ɗabi'a ba ta da kasawa. Bidiyon 4K na ɗauke da hotuna masu ɗigo 3840 a 2160, wato kimanin megafiksel 8 kowanne, guda 30 a daƙiƙa. Ana iya tsayar da shi a daidai inda ake so a ciro hoto. Na 1080p kuwa megafiksel 2 ne kawai, ya isa kallo amma bai isa yanka ba. A tuna 4K na cinye ɗaruruwan megabait a minti ɗaya, don haka gajeru-gajeru na daƙiƙa ashirin sun fi.

Ɗabi'a kan bayyana tsuntsu ko da hoton bai fito ba. Akwai ƙaramin baƙo mai bin gefen ruwa wanda ba ya daina kaɗa bayansa sama da ƙasa, kuma in ya tashi yakan bi saman ruwa ƙasa-ƙasa da fiffike a sanƙare. Wannan kaɗawar kaɗai ta isa masani ya rage zato zuwa nau'i biyu ko uku. Zalɓe kan tsaya kamar an dasa shi, wuya a naɗe, sai ya harba baki sau ɗaya. Wanda ya lura da yadda yake karkata kai kafin harbin zai san lokacin danna maɓalli. Balbela kuma ba son shanu take yi don Allah ba: takun saniya na tayar da fara da ƙwari daga ciyawa, ita kuma ta cafke. Ana iya gwada wannan da agogon waya, a ƙirga sau nawa mai bin saniya ta kai cafka a minti biyu, a kwatanta da wadda ke kiwo ita kaɗai. Masu bincike sun yi irin wannan ƙirga, sun ga mai bin dabba ta fi samu da ƙarancin taku. Wannan dabara ce ta taimaka wa balbela ta bazu a duniya, har ta ƙetare Tekun Atlantika da kanta ta zauna a nahiyar Amurka.

Manyan tsuntsaye kan fuskanci iska in za su tashi, kuma sukan ɗan duƙa kafin su yi tsalle. Wanda iska ke bugun bayansa, tsuntsun zai taso ta wajensa. A nan ne bidiyo mai tafiyar hawainiya, mai hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, ke nuna abin da ido bai taɓa gani ba, kamar yadda shamuwa ke sauke ƙafafu ta buɗe gashin fiffike kafin ta dira a sheƙa.

Sauran namun fadama ma haka ake bi da su. Guza da tsari kan fito shan hantsi a wuri ɗaya kusan kullum, kurege kuma na da ramin da yake komawa. Sai dai ba a shiga ruwan da ke kwance don neman kusurwa mai kyau, saboda tsargiya. Tsuntsun da aka tarar matacce ko yana layi ba a taɓa shi da hannu. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara ɓulla a Najeriya a shekarar 2006, ta kuma sake dawowa bayan nan. A ɗauki hoto daga nesa a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi, musamman in sun mutu da yawa a wuri ɗaya.

Manhajoji, da batun rashin sabis

Merlin Bird ID, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce. Ana sauke kunshin tsuntsayen yankin sau ɗaya inda akwai intanet mai ƙarfi, daga nan tana iya duba hoto ta kawo sunayen da take zato ko babu data. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wanda kuma ya ga rufe layukan waya gaba ɗaya a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Amsar Merlin shawara ce, ba hukunci ba. Idan hoton ɗigo 20 aka ba ta, ita ma zato za ta yi. Google Lens na buƙatar intanet, kuma yakan kawo tsuntsun wata nahiya mai kama da wanda aka nuna masa. Don ƙadangaru da ƙwari da tsirrai akwai iNaturalist, inda mutane ne ke tabbatar da sunan.

Sunan Hausa kuwa ba a manhaja yake ba, yana bakin masunta da maharba da tsofaffin manoma. Yana da kyau a nuna musu hoton a rubuta sunan da suka faɗa kusa da na Turanci, domin sunan da ake kira a Gobir na iya bambanta da na Kano.

Bayanin wuri: darajar hoton, kuma haɗarinsa

Tun ƙarshen 2015 ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya daga cibiyar APLORI da ke kusa da Jos. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a 9, masu sa kai kuma na rubuta tsuntsayen da suka gani a ciki da manhajar BirdLasser. Cikakken rahoto na buƙatar aƙalla sa'o'i biyu na dubawa a cikin kwana biyar, amma ana karɓar abin da aka gani a kan hanya ma. Akwai kuma eBird, rumbun Cornell da ke aiki tun 2002. GPS ba ya buƙatar sabis, don haka ana iya rubutawa a fadama a tura daga baya.

A wurin da baƙon mai bincike ba zai iya zuwa ba a yanzu, ɗan gari da wayarsa shi ne kaɗai idon da ke wurin. Hoto mai hazo na gauraka, in yana da kwanan wata da wuri, ya fi kyakkyawan hoton kurciya daraja nesa ba kusa ba, domin gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, tana kuma cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana a duniya. Ranar da shamuwa ta fara sauka a gari, in aka rubuta ta shekara bayan shekara, bayani ne game da yadda damina ke sauyawa.

To amma wannan bayanin wuri kaifi biyu gare shi. Idan an kunna alamar wuri a saitin kyamara, kowane hoto na ɗauke da lambobin da ke nuna inda aka tsaya, da kuskuren 'yan mitoci kawai, tare da ranar da sa'ar. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar kan matse shi ta cire wannan bayani. Wanda aka tura a matsayin fayil, wato Document, yana tafiya da komai nasa. Wannan ita ce hanyar da ta dace in masani ake tura wa don ya gane tsuntsu, amma ba hanyar da za a jefa hoto a zauren mutum ɗari biyu ba. Kafin rabawa ana iya cire wurin daga bayanan hoton a Gallery, ko a ɗauki sikirinshot a tura shi.

Abin da ke bayan tsuntsun ma bayani ne. Garken shanu a mashaya, da hanyar da ake bi da su, da sa'ar da suke zuwa, abu ne da ɓarayin shanu ke nema. Hoton balbela a kan saniya na da kyau, amma a yanke shi yadda ba za a gane garken wane ne ko wace mashaya ba, a nemi izinin makiyayin, kuma kada a ɗora shi a ranar da aka ɗauka. A eBird kada a dasa alamar wuri a kan gidan mutum, a sa ta a tsakiyar gari ko wani sanannen wuri na kusa. A iNaturalist akwai zaɓin dusashe wuri, wanda ke nuna wa jama'a faffaɗan yanki na kusan kilomita 20 maimakon ainihin inda aka tsaya. Sheƙar gauraka ko ta ungulu kuma ba a bayyana inda take a fili ko kaɗan, saboda masu kama su don sayarwa su ma suna da Facebook.

Idan aka ga zobe a ƙafa

Wani lokaci, in aka zuƙo hoto a gida, akan ga ɗan zobe na ƙarfe ko na roba mai launi a ƙafar tsuntsu. Masu bincike ne suka sa, galibi a Turai, don bin diddigin tafiyarsa. Kafin a fara wannan dabara, ɗaya daga cikin hujjojin farko da Turawa suka samu cewa tsuntsayensu Afirka suke zuwa ita ce wata farar shamuwa da aka samu a arewacin Jamus a 1822 da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Zoben launi an yi shi ne don a karanta daga nesa, don haka ko hoton waya na iya wadatarwa. Abin da ake buƙata shi ne jerin launukan daga sama zuwa ƙasa, wace ƙafa ce, hagu ko dama, sama da gwiwa ko ƙasa da ita, da duk harafi ko lambar da ta fito. A nan bidiyo ya fi, domin tsuntsun na juyawa ana ganin kowane gefe. Idan masunci ko maharbi ne ya samu zoben ƙarfe a hannu, a ɗauki hoton rubutun da ke jiki gaba ɗaya ta hanyar juya shi kaɗan-kaɗan. Ana aika bayanin ga ƙungiyar EURING, wadda ke haɗa cibiyoyin sa zobe na Turai, ko a tuntuɓi APLORI. Akan mayar wa wanda ya aika da amsa mai ɗauke da ƙasar da aka sa zoben da ranar da aka sa shi.